Yadda za ka bar wa Allah lamarinka alhali ciwon bai tafi ba

Akwai wata magana da duk wanda ya taɓa shiga tsanani ya ji ta har ya haddace, wato "ka yi haƙuri, ka bar wa Allah". Gaskiya ce kam, babu ko tantama, amma ni dai lokacin da mahaifiyata take kwance wata da watanni tana jinya ana ta faɗa min ita safe da yamma, abin da nake so in tambayi masu faɗar shi ne, toh ta yaya? Ta ina ake farawa? Don a lokacin ina sallah, ina ɗaga hannu ina cewa ya Allah na bar maka, amma da na shafa sai in ji kayan nan dai yana nan daram a ƙirjina ko motsi bai yi ba, har na fara zargin kaina ko imanina ne ya samu matsala. Sai bayan ta rasu, Allah ya jiƙanta, da na yi ta tambayar malamai ina kuma komawa kan ayoyi da hadisan da na sani tun ina yaro amma ban taɓa dubansu da idon wanda abu ya dama ba, sannan na gane cewa miƙa wuya aiki ne da ake yi da baki da hannu da ƙafa, kullum, kuma ana yinsa ne ciwon yana nan bai je ko'ina ba. Shi nake so in shimfiɗa wa duk wanda yake cikin wani hali yanzu, rashin lafiya ne, rasuwa ce, bashi ne, aure ne ya ƙi daɗi, jiran haihuwa ne, ko wani abin da ba ka iya faɗa wa kowa. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, amma 'yar'uwa har da ke nake.

Fara da sauke wani kaya da ba Allah ne ya ɗora maka ba. Mutane da yawa sun ɗauka mai tawakkali shi ne wanda ba ya kuka, fuska a sake, ana jajanta masa yana murmushi. Toh Manzon Allah (SAW) da kansa, ranar da ɗansa Ibrahim yake gargara, idanunsa hawaye suka riƙa zubarwa, har Abdurrahman ɗan Auf ya ce har da kai ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Bukhari ne ya ruwaito. Ka tuna fa 'ya'ya 7 Allah ya ba shi, 6 duk a gabansa suka rasu, Nana Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa, ita ma wata 6 kawai ta ƙara. Annabi Yaƙubu (AS) kuwa baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya yi har idanunsa suka yi fari, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84, kuma shi ne dai wanda ya ce "fa sabrun jamil" har sau 2 a cikin surar. Kaga kenan kyakkyawan haƙuri da hawaye suna zama a fuska ɗaya. Inda aka ja layi shi ne baki da hannu, kar bakinka ya furta maganar da take tuhumar Allah, kar hannunka ya mari fuska ko ya yaga tufa ko ya cutar da kai. In ka tsare waɗannan biyun, yi kukanka ɗan'uwa, babu wanda ya isa ya ce ba ka da imani.

Abu na gaba shi ne kalmar farko. Lokacin da labarin ya faɗo maka, likita ya gama bayani, ko waya ta shigo, ko ka buɗe takardar ka ga abin da ke ciki, a wannan 'yan daƙiƙun ne aka fi auna mutum. Annabi (SAW) ya taɓa wucewa ta wajen wata mata tana kuka a gaban kabari ya ce mata ki ji tsoron Allah ki yi haƙuri, ita kuma ba ta gane shi ba ta ce rabu da ni, ai abin da ya same ni bai same ka ba. Da aka gaya mata ko waye ta taho har ƙofarsa tana cewa ban gane ka ba ne, sai ya ce mata haƙuri ai a bugun farko yake. Ni abin da yake taɓa ni a hadisin nan shi ne bai tsaya ja-in-ja da ita a bakin kabarin ba, ya ƙyale ta ya wuce, ya san zafi ne yake magana.

Toh me za ka ce a bugun farkon? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 156, kuma ba don mutuwa kaɗai aka tanade ta ba, duk wata musiba ce babba ko ƙarama. Sai ka ɗora da addu'ar da Ummu Salama (RA) ta ji daga Annabi, wadda Muslim ya ruwaito: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, ya Allah ka ba ni lada a kan musibata ka kuma musanya min da abin da ya fi ta alheri. Da mijinta Abu Salama ya rasu ta ce a ranta wai wa ya fi Abu Salama a cikin musulmi? Ma'ana zuciyarta ba ta ga ta inda musanyar za ta fito ba, amma duk da haka ta faɗa, kuma Allah ya musanya mata da Manzon Allah. Ka riƙe wannan da kyau, ba sai zuciyarka ta gamsu za ka furta ba, furta kawai, zuciyar za ta biyo baya a hankali. In kuma bugun farkon ya riga ya wuce ka, ka faɗi abin da bai kamata ba, ka yi istigfari ka faɗe ta yanzu, ƙofar tuba ba ta rufe ba.

Yanzu bari in daɗe a nan, don nan ne ni kaina na fi yin kuskure. Na ɗauka bar wa Allah yana nufin in yi shiru har a gaban Allah, wai kar in zama mai ƙorafi. Sai addu'ata ta zama ta sama-sama, in jero kalmomin da na haddace in tashi, ainihin abin da yake cin raina kuma ban taɓa faɗa masa ba. Alhali da 'ya'yan Annabi Yaƙubu suka ce masa ba za ka daina ambaton Yusuf ba har sai ka halaka, amsar da ya ba su ita ce "innama ashku bassi wa huzni ilallah", ni ai Allah kaɗai nake kai wa kukana da baƙin cikina, aya ta 86. Annabi Ayuba (AS) da ake buga misali da haƙurinsa, shi ma ai faɗa ya yi, ya ce cuta ta shafe ni kuma kai ne mafi jinƙan masu jinƙai, Suratul Anbiya aya ta 83. Nana Maryam da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma na mutu kafin wannan, kuma amsar da ta samu ita ce kar ki yi baƙin ciki. Malamai sun bambance tsakanin kai ƙara wajen Allah da kai ƙarar Allah wajen mutane, na farkon ibada ce, na biyun shi ne yake cinye haƙuri.

Don haka ga abin da za ka yi, kuma a zahiri nake nufi. Samu wani lokaci da babu kowa, sulusin dare na ƙarshe ya fi in za ka iya, in ba za ka iya ba ko yaushe ne, ka yi alwala ka yi raka'a 2, in ka sallame ka ɗaga hannu ka yi magana da harshen da kake tunani da shi. Ka faɗi abin da sunansa. Ya Allah ina jin tsoron sakamakon gwajin nan. Ya Allah ban san inda zan samo kuɗin nan ba kuma kunya ta ishe ni. Ya Allah na gaji, wallahi na gaji. Ya riga ya sani, ba labari kake ba shi ba, kai ne kake buƙatar ka ajiye kayan a ƙofar da ta dace. Ranar da na fara yin haka na fi minti 30 ina magana ina kuka, kuma da na tashi babu abin da ya canza a jikin mahaifiyata, amma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

In kalmomi suka ƙare maka, kuma za su ƙare, akwai gajeru da aka tanadar maka. Addu'ar Annabi Yunus (AS) a cikin kifi, la ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin. Hasbunallahu wa ni'imal wakil, wadda Ibnu Abbas ya ce Annabi Ibrahim ya faɗe ta lokacin da aka jefa shi wuta. Ya Hayyu ya Ƙayyum bi rahmatika astagis. Ka zaɓi ɗaya ko biyu ka riƙe su gam, ya fi ka tara 20 a waya ba ka karanta ko ɗaya. Kuma kar ka damu in ƙwaƙwalwarka ta toshe, Nana A'isha (RA) lokacin da aka yi mata ƙazafi, wata guda wahayi bai sauka a kan maganarta ba, ta yi kuka har tana jin hantarta za ta tsage, da ta zo yin magana ta nemi sunan Annabi Yaƙubu ta rasa, sai cewa ta yi baban Yusuf, ta karanto fa sabrun jamil wallahul musta'an. Macen da take cikin manyan masana na al'ummar nan kenan, baƙin ciki ya mantar da ita sunan Annabi, balle ni da kai.

Daga nan sai rabon aiki. Ɗauki takarda da biro in zai taimaka maka, ni ya taimake ni, ka raba damuwarka gida biyu, abin da yake hannunka da abin da ba ya hannunka. Zuwa asibiti, shan magani a kan lokaci, neman wani likitan ya ƙara dubawa, kiran wanda kake jin nauyin kira, tura takardar neman aiki, zama da mai binka bashi ku tsara yadda za ka biya, neman afuwar wanda ka ɓata wa, duk wannan naka ne. Ko maganin zai yi aiki, ko za a ɗauke ka aikin, ko zuciyar wancan za ta sauko, ko yaushe abin zai ƙare, wannan ba naka ba ne ko kaɗan. Yawancin wahalar da muke sha a cikin wahala daga nan take, mun bar namu ba mu yi ba mun je mun rungumi na Allah muna ta juya shi cikin dare.

Wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙumarsa, in ɗaure ta in yi tawakkali ko in sake ta in yi tawakkali? Ya ce ɗaure ta ka yi tawakkali, Tirmizi ya kawo shi. Nana Hajara da Annabi Ibrahim ya ajiye ta da jaririnta a kwarin da babu ruwa babu mutane, ta tambaye shi Allah ne ya umarce ka da wannan? Ya ce e, ta ce toh ba zai tozarta mu ba. Ka ji miƙa wuya tsantsa. Amma da ruwan ya ƙare ba ta zauna ba, sau 7 tana kai-kawo tsakanin Safa da Marwa, kuma ruwan bai fito a kan Safa ko Marwa ba, can wajen da jaririn yake Zamzam ya ɓullo. Gudun nata ne, inda ruwan zai fito kuma na Allah ne. Haka Sayyidina Umar (RA) da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, bayan ya yi shawara ya ce a juya, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka wanda ya ƙi zuwa asibiti ya ce ya bar wa Allah, ni a ganina bai fahimci maganar ba, don Annabi ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar mata da magani.

A nan dole in faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. In zalunci ake maka, ko ana dukanki a gidan aure, ko an danne maka haƙƙi, bar wa Allah ba ya nufin ka zauna a ci gaba da cutar da kai. Khaula 'yar Sa'alaba ta je har gaban Annabi tana jayayya a kan abin da mijinta ya yi mata tana kuma kai kuka ga Allah, Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala ya ce ya ji maganarta. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace yana cikin ɗaure raƙumi. Masu amfani da kalmar haƙuri don su rufe bakin wanda aka zalunta su ji tsoron Allah.

Sai kuma "da na sani". Wannan ita ce ta fi cina bayan rasuwar, da mun kai ta asibiti da wuri, da ban yi tafiyar nan ba, da na matsa an sake gwajin. Takan zo ne da dare in kowa ya yi barci. Hadisin Abu Huraira da yake cikin Muslim ya yi maganin wannan kai tsaye, ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya, in wani abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, ka ce ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al, don "da" tana buɗe wa shaiɗan ƙofar aiki. Yadda nake yi shi ne da zarar na ji ta taso sai in faɗi wannan kalmar a fili, da murya, in tashi daga inda nake zaune ko da ruwa ne in je in sha. Wani daren sau 10 zan yi haka. In akwai sakaci na gaskiya da ka yi, ka tuba, ka gyara abin da zai gyaru, ka ɗauki darasin, shikenan, tuba sau ɗaya ake yinta da gaske a wuce, ba a mayar da ita bulalar dukan kai kullum.

Kusa da ita akwai wata tambayar, wai ko Allah fushi yake da ni? Bincika kanka abu ne mai kyau, istigfari kuma ba ya taɓa zama asara. Amma ka sani an tambayi Annabi (SAW) su waye aka fi jarraba, ya ce annabawa, sannan waɗanda suka fi kama da su, sannan masu bi musu. Shi kansa Annabi, Abdullahi ɗan Mas'ud ya same shi yana zazzaɓi mai zafi, sai Annabin ya ce masa ni ana min zazzaɓin mutum 2 daga cikinku. A shekara ta 10 da aiko shi ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, ya tafi Ɗa'if neman masu karɓarsa aka bi shi da jifa. In da tsanani alamar ƙiyayyar Allah ce da ba su ne za su fi kowa shansa ba. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu wata gajiya ko cuta ko damuwa ko baƙin ciki da zai samu musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face Allah ya kankare masa zunubai da ita. Ka lura damuwa da baƙin ciki suna cikin lissafin, wato wannan daren da ka kwana ido biyu ba a banza ya tafi ba.

Sallah kuma kar ka sake ta, ko da ba ka jin komai a cikinta. Zan faɗa maka gaskiya akwai kwanakin da za ka tsaya ka sallame ba ka san me ka karanta ba, ka yi ta a hakan. In jiki ya ƙi, Annabi ya gaya wa Imrana ɗan Husaini ka yi sallah a tsaye, in ba za ka iya ba a zaune, in ba za ka iya ba a kan gefenka. In rashin lafiya ta hana ka nafilolin da ka saba, ana rubuta maka ladansu kamar kana yi. In ciwo ne a wani waje na jiki, ka ɗora hannunka a wajen ka ce Bismillah sau 3, sannan a'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhazir sau 7, haka ya koya wa Usman ɗan Abil As, ka haɗa da maganin da likita ya rubuta.

Toh in an daɗe fa? Wata ya wuce, shekara ta wuce, kana ta roƙo shiru? Nan ne gwiwa take sanyi, kuma Alƙur'ani bai ɓoye wannan ba, a Baƙara aya ta 214 ya ba da labarin waɗanda aka girgiza har Manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo? Tambayar "yaushe" kenan daga bakin mutanen kirki. Abin da aka hana shi ne ka ce na roƙa na roƙa ba a amsa min ba sai ka daina. Hadisi ya nuna addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta ba ta faɗuwa ƙasa, ko a ba ka abin nan da nan, ko a ajiye maka shi a lahira, ko a kawar maka da wani sharri gwargwadonta. Ni na roƙa wa mahaifiyata lafiya da duk ƙarfina kuma ba ta tashi ba, ba zan yi maka ƙaryar cewa na gano hikimar ba, ban gano ba, kuma na daina matsa wa kaina sai na gano. Na dai san wanda na roƙa ba ya zalunci kuma ya fi ni jinƙanta, a kan wannan na tsaya. Wani lokacin miƙa wuya iyakarsa kenan, ka yarda da Mai hukuncin tun ba ka fahimci hukuncin ba.

Wani abin da ya sauƙaƙa min shi ne da wani malami ya bayyana min cewa haƙuri daban, yarda daban. Haƙuri shi ne abin yana maka ɗaci, da za a ba ka zaɓi da ka ce a ɗauke, amma ka riƙe bakinka da gaɓɓanka, wannan shi ne wajibi. Yarda kuma ita ce zuciya ta kai inda ta natsu da abin, wannan matsayi ne na sama, malamai da yawa sun ce abin so ne, ba dole ba ne. Don haka in ka ji wani yana cewa shi har godiya yake yi a kan musibarsa kai kuma da ƙyar kake haɗiye taka, kar ka raina kanka, kana kan hanya, sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka kulle kanka a ɗaki. Gaya wa wani halin da kake ciki don ya taimaka maka ko ya ba ka shawara ko ya taya ka addu'a ba ƙorafi ba ne, Nana A'isha ta ce wayyo kaina a gaban Annabi shi ma ya ce a'a ni ne dai wayyo kaina. Amma ka zaɓi wanda za ka gaya wa, mutum 1 ko 2 masu riƙe sirri sun isa, ba kowa ne zai iya ɗaukar maganarka ba, wani ma ƙara maka zai yi. In kuma abin ya kai ba ka barci, ba ka iya cin komai, ba ka iya tashi ka yi abin da ka saba har makonni suna wucewa, je ka ga likita, ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran kuma ana maganinsa. In tunanin ka kashe kanka ya fara zuwa maka, don girman Allah kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani yau ɗin nan, a raka ka asibiti. Annabi ya san mutum yakan kai wannan gaɓar, shi ya sa ya hana fatan mutuwa saboda wata cuta da ta samu mutum, ya ce in ya zama dole ka ce ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce ta fi min alheri, ka ɗauki raina in mutuwa ce ta fi min alheri. Ka ga har a nan ma hukuncin a hannunsa aka bar shi.

Sai ka sa ran kayan zai dawo. Za ka miƙa shi da asuba ka ji sakayau, kafin azahar ka tarar ka sake ɗauko shi ba ka sani ba, wani saƙo ne ya shigo ko wata magana ce aka yi ko kawai ka tuna. Ba wai miƙawar farko ba ta karɓu ba ce, haka zuciya take. Sai ka sake miƙawa, ni sallolin nan 5 na mayar tashoshina, duk sujjadar ƙarshe sai in ce ya Allah ga shi na sake kawowa, kar ka bar ni da kaina ko da ƙiftawar ido. Kuma ka rage tsawon abin da kake ɗauka, kar ka ce yaya zan yi shekara mai zuwa, ka ce yaya zan kai la'asar, in ka kai sai ka nemi magariba.

Har yanzu lambar mahaifiyata tana cikin wayata ban goge ba. Wani lokacin ina neman wani suna sai in ci karo da ita, ƙirjina ya buga kamar ranar farko, sai in tsaya a inda nake in ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, in roƙa mata gafara da rahama, in share idona, sannan in ci gaba da neman lambar da na shigo nema.